Taubashina ya riƙe mini cikon kuɗin mota, Inna kuma ta ce in bar masa

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a cikin garin Bauchi, ina da mata ɗaya da 'ya'ya biyar. A watan Maris na 2023 na sayar wa ɗan kawuna motata Sharon a kan naira miliyan 2 da dubu 600. Taubashina ne, a gidan kakanmu muka tashi tare. Ya turo mini miliyan 1 da dubu 200 ta banki, ya ce ragowar sai bayan kaka idan ya sayar da masararsa. Ba mu rubuta komai ba, ba mu kira kowa ba, a ƙofar gidana na miƙa masa makulli. Yana lodi da ita tsakanin Bauchi da Gombe. Kaka ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Abin da ya ƙara ba ni duka-duka dubu 300 ne, a karo uku. Saura miliyan 1 da dubu 100. In na yi masa magana sai ya mayar da ita wasa, ya ce "haba taubashi, kuɗinka ai nawa ne." Kwanan baya da na matsa masa, sai ya ce ai ya sauke inji ya kashe dubu 400, don haka sai an cire. Alhali a tsakanin nan ya rufe gininsa da kwano, ya kuma ƙara aure. Da na kai kuka wurin mahaifiyata sai ta yi hawaye, ta ce ɗan marigayi ƙaninta ne, in bar masa don Allah, kada a ce ɗanta ya kai maraya kotu. Ni kuma za a aurar da 'yata ta fari bayan Sallah, ban haɗa kayan ɗaki ba. Maiɗakina ta daina gaisawa da matansa, ni ma Idi biyu ke nan ban taka gidansa ba. Takardun asali da makulli ɗaya suna hannuna. Wani abokina ya ce in je tasha in ɗauko motata kawai, wani ya ce in sa 'yan sanda su kama shi. Ga shi kuma irin motar yanzu ta kusa ninka kuɗinta. Shin ba ni da haƙƙin a yi mini lissafi da farashin yau? Yaya zan yi in karɓi kuɗina ba tare da na saɓa wa Inna ba?

Daga ɗan'uwanku a Fadamar Mada, Bauchi.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah Ya sanyaya maka zuciya, Ya sa albarka a auren da ke tafe.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda ka ce Idi biyu ba ka taka gidansa ba. Inna tana tsoron kada maganar kuɗi ta raba ku, ga shi kuwa rabuwar ta riga ta fara tun ba a je gaban kowa ba. Kai ka yi kara ka haɗiye magana, shi ya samu shiru ya miƙe ƙafa, matanku suka ɗauki gabar da ku maza kuka ƙi furtawa. In aka ci gaba a haka, 'ya'yanku ne za su tashi ba sa gaisawa, ba su ma san dalili ba. Saboda haka duk abin da zan gaya maka a kan turba ɗaya yake: a fito da bashin nan fili, a zauna gaban manya, a rubuta shi, a sa masa rana. Wannan ce hanyar da nake ganin za ta dawo maka da kuɗinka, ita ce kuma za ta sake buɗe maka ƙofar gidansa.

Ka fara cire wa kanka tunanin cewa neman kuɗin nan rashin kunya ne. Ciniki kuka yi, kun yanka farashi, ka miƙa kaya, ya karɓa yana ci da su. Ciko haƙƙinka ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka: a rubuta shi, a ambaci wa'adinsa, a kafa shaidu. Ayar ba ta ware ɗan'uwa ba, ba ta ce sai da bare ake rubutu ba. Mu ne muka mayar da takarda tamkar zargi, har mutum ya ji nauyin cewa "bari mu rubuta" don gudun a ce masa "ba ka yarda da ni ba ne?" Ba zan tsaya ina yi maka faɗa a kan abin da ya wuce ba, domin da yawa daga cikin masu karanta wannan amsa sun miƙa makulli ko takardar fili kamar yadda ka miƙa. Sai dai rubutun da ba a yi a ƙofar gidanka ba, har yanzu ana iya yin sa, kuma shi ne aikin da ke gabanka.

Wasan taubasai abu ne mai kyau, kakanninmu sun kafa shi ne don ɗan mace da ɗan namiji su saba, su faɗa wa juna magana mai nauyi cikin raha ba a yi fushi ba. Amma yana da iyaka. Miliyan 1 da dubu 100 ba kuɗin shara ba ne. Abin da taubashinka yake yi shi ne ya gano cewa duk lokacin da ya ja maganar zuwa wasa, kai kunya takan hana ka dawo da ita kan gaskiya, sai ku rabu da dariyar da ba ta kai ciki ba. Muddin ku biyu kaɗai kuke maganar, haka za ta riƙa ƙarewa. A gaban babba kuwa wasa ba ya shiga.

Yanzu shawarar abokanka biyu. Ina roƙonka da Allah ka ajiye su duka.

Wanda ya ce ka je tasha ka ɗauko mota ya manta cewa motar ba taka ba ce yanzu. A shari'ar Musulunci da dokar ƙasa duka, idan ciniki ya ƙullu aka miƙa kaya, mallaka ta koma hannun mai saye, sai dai in tun farko an sharɗanta cewa ba za ta koma ba sai an gama biya, ku kuwa ba ku sharɗanta ba. Abin da kake da shi a wurinsa kuɗi ne. Sunanka da ke kan takardu ba zai goge cinikin da kai da bakinka ka amsa ka yi ba. Ka kwatanta ranar: ka shiga tasha da makullinka, ga 'yan kamasho, ga direbobi abokan aikinsa, ka tayar da motar da suka san shi da ita shekara da shekaru. Ko dai a yi dambe, ko a kira ka ɓarawo, ko ya riga ka zuwa caji ofis. Ka tafi kana mai bin bashi, ka dawo kana wanda ake ƙara, shi kuma ya samu labarin da zai ba dangi har ƙarshen rayuwarsa. Makullin nan ka sa shi a aljihu ranar zama, ka ajiye a gaban manya, kowa ya ga ba ka da mugun nufi.

Na biyun ma haka. 'Yan sanda ba masu karɓar bashi ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 32, ta hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko don rikicin da ba na laifi ba, kuma dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta faɗi irin wannan a sashe na 8. Na san ana yi, na san akwai masu kai ƙara su canja wa maganar riga su ce cuta ce ko cin amana don a samu a tsare mutum. Kada ka bi wannan hanya. Wanda aka tsare a kan bashi yana iya juyowa ya yi ƙarar wanda ya sa aka tsare shi, kuma in ka kai rahoton cewa an sace maka mota alhali sayarwa ka yi, kai ne ka yi laifi. Bar ma batun doka: daren da ɗan ƙanin Inna zai kwana a bayan kanta ta dalilinka, ko ya biya ka washegari, ba ka da sauran fuskar da za ka shiga ɗakinta da ita.

Sai maganar farashin yau, wadda na san ita ke ci maka rai idan ka kwanta. Ba ka yi ƙarya ba, an cuce ka da jinkiri. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan cinikinku, ranar 29 ga Mayu 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Motocinmu kuwa daga waje suke zuwa, su da kayan gyaransu, shi ya sa kuɗinsu ya tashi haka. Gado da katifa da kujerun da miliyan ɗaya za ta saya maka a kakar 2023, yau ba za ta saya ba. Duk da haka amsar da zan ba ka ita ce a'a. Abin da mafi yawan malamai suke a kai shi ne, bashin naira da naira ake biyansa, adadin da aka yi ciniki a kai, kuma ƙara wa wanda ake bi kuɗi don ya yi jinkiri shi ne ainihin ribar da aka haramta. Tashin da motar ta yi rabonsa ne, kamar yadda da ta ƙone ko ta faɗa rami a Dindima asararsa ce, ba za a rage maka ko sisi ba. In shi da kansa, ranar biya, ya ga dama ya ɗora maka wani abu don ya san ya ɓata maka lokaci, ba tare da ka sharɗanta ba, wannan halal ne, kyakkyawan biya ne da Annabi (SAW) ya yaba. Amma kai kada ka nema. Da zarar ka ce a yi lissafi da farashin yau, zaman ya tashi daga maganar bashinsa ya koma maganar kwaɗayinka, kuma abin da yake jira ke nan.

Sai dai ka lura da wani abu, domin tashin farashin nan da ke ƙona maka rai shi ne babbar hujjarka. Shari'a ta raba masu cin bashi gida biyu. Akwai wanda ke cikin ƙunci, shi aya ta 280 a Baƙara ta ce a saurara masa har ya samu sauƙi. Akwai kuma mai hali da ke ja da biya, shi ne hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kira jinkirinsa zalunci. A wane gida taubashinka yake? Zan yi masa adalci: direbobin haya sun sha wuya, litar man da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, fasinja sun ragu, taya da batir sun yi tsada. Da a ce ya zo maka a lokacin ya ce "taubashi, ka ga halin da ake ciki, ka ƙara mini wata shida," da na ce ka ƙara masa. To amma mutumin da ya sayi kwano, ya biya sadaki, ya haɗa lefe, ba a kiransa marar hali. Ya samu kuɗi, ya jera buƙatunsa, ya sa ka a ƙarshen layi don ya san kai ba za ka yi ihu ba. Kuma ko aljihunsa babu komai yau, yana riƙe da mota da in aka sayar za ta biya ka sau uku ko fiye. Wanda dukiyarsa ta fi bashinsa ba matalauci ba ne a idon alƙali.

Batun inji kuwa, a nan sai na juyo kanka da tambaya, kuma ka amsa wa kanka tsakaninka da Allah. Ranar da ka miƙa makulli, ka san injin yana shan mai ko yana hayaƙi ko yana zafi, ka yi shiru? In ka sani ka ɓoye, to yana da magana, kuma ya kamata ka rage masa da hannunka tun ba a tilasta ka ba, domin ɓoye aibi algus ne, yana kuma cinye albarkar ciniki. In kuwa lafiya ka ba shi ita, ya yi wata da watanni yana ɗibar mutane da kaya ta Alkaleri da Bara safe da yamma kafin inji ya gaji, wannan gyaran mai mota ne, kuma shi ne mai mota. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, wanda ya ce an sayar masa da abu mai aibi shi zai tabbatar aibin tsoho ne tun kafin ciniki, kuma wanda ya ga aibi ya ci gaba da amfani da kaya bai yi magana ba, ana ɗaukar ya yarda. Abin tambaya a zaman shi ne: yaushe aka sauke injin, wane bakanike ne ya yi aikin, me ya sa ba a gaya maka a lokacin ba sai da ka matsa? A kira bakaniken a ji daga bakinsa. Yawanci a nan irin wannan magana take mutuwa.

Yanzu Inna, Allah Ya ƙara mata lafiya. Kada ka shiga wurinta da hujjoji. Ni da kai mun san maraici yana ƙarewa da balaga, mai mata biyu ba maraya ba ne, amma ita in ta dube shi ƙaninta take gani, kuma ba a yi wa irin wannan zuciya gardama. Ka lura da abin da ta ce: kada a ce ɗanta ya kai shi kotu. Tozarci take gudu. To ka ba ta abin da take so. Ka je da yamma bayan ta idar da salla, ka zauna a ƙasa, ka ce: "Inna, na ji maganarki. Ba zan kai shi wurin 'yan sanda ba, ba zan taɓa motar ba, ba zan ƙara masa ko kwabo ba. Abin da nake roƙo ki yarda a kira mu gaban wani babba cikin danginki a rubuta, ya riƙa biya a hankali yadda zai iya." Sannan ka tuna mata abin da ta fi ka sani. Yaron nan kullum a kan titi yake, rai kuwa a hannun Allah yake. An taɓa kawo wa Annabi (SAW) gawa, ya tambaya ko ana bin mamacin bashi, aka ce dinari uku kuma bai bar abin biya ba, sai ya ce su yi wa sahibinsu salla, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki bashin a kansa sannan ya sallace shi. Kuma a Suratun Nisa'i sai an fitar da bashi ake raba gado. Ka ce mata kana tsoron ranar da za a tsaya a kan gawar ɗayanku ana tambaya ko akwai mai bin bashi, babu takarda, babu shaida, a bar 'ya'yanka da nasa suna musu. Mai son ɗan ƙaninta za ta so a sauke masa wannan kaya yana da rai. Ina kyautata zaton in ta ji haka, ita da kanta za ta aika a kira shi.

Wanda zai jagoranci zaman ya zama daga dangin uwarka, tunda nan ne kuka haɗu, kuma ya zama wanda taubashinka ba ya iya ɗaga wa ido. In akwai wani kawu da ke raye, shi ne. In babu, ka nemi wanda ya karɓa masa auren nan na biyu; ko wane ne aka samu, shi zan riƙa kira Kawu daga nan. A ƙara da limamin unguwa ko wani dattijo, don a samu shaidu biyu maza adilai. Kada a yi a tasha, kada a yi a gaban matanku, kada kuma a tara jama'a. Mutum in aka kunyata shi a bainar jama'a yakan zaɓi ya musanta gaba ɗaya.

Kafin ranar, ka je banki ka karɓo bayanan asusunka da ke nuna miliyan 1 da dubu 200 da ya turo, da sauran in ta banki suka zo. Ka duba wayarka, duk saƙon da ya taɓa cewa "ka yi haƙuri, zan kawo," rubutacce ko na murya a WhatsApp, ka adana. Ba don ka baza su a gaban Kawu ba, sai in ya musa. Abin da kake nema a zaman ya fi duk waɗannan ƙarfi, wato ya amsa da bakinsa gaban shaidu cewa farashi kaza ne, ya biya kaza, saura kaza. Iƙirari shi ne shugaban hujjoji. Kuma ka ga ai bai taɓa cewa ba ka bin sa ba, cewa ya yi a cire kuɗin inji, wanda ke neman a rage masa kuwa ya riga ya amsa akwai bashi.

Takardar ba ta buƙatar Turanci mai wuya, a rubuta ta da Hausa kowa ya gane. A sa ranar da ka miƙa masa mota da lambarta, da cewa tun daga ranar tana hannunsa kuma duk abin da ya faru da ita a wuyansa yake. Wannan layi kariya ce gare ka, domin motar haya ce mai sunanka a takarda, in aka yi haɗari ko aka kama ta da wani kaya, ƙofarka za a fara bugawa. A sa ragowar kuɗi da yadda za a biya. Kada ka yarda da "bayan kaka" kuma, kada ka yarda da "in Allah Ya hore." Direba kullum yake samu, don haka a ɗora biyan a kan mako. In zai riƙa turo dubu 25 duk Juma'a, cikin mako 44 an gama. Ya zama ta banki kawai, don kowane biya ya bar alama. A nemi wanda zai tsaya masa. A kuma rubuta, da yardarsa, cewa in ya tsallake biya sau uku a jere ba tare da uzurin da Kawu ya gamsu da shi ba, za a ba dillalin da kuka amince da shi motar ya sayar, a cire maka cikonka, a miƙa masa sauran. Takardun asali da makullin su koma hannun Kawu amana, ranar da aka kammala biya a je a canja suna a ba shi kayansa. Kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafi.

Tunda biki ya matso, ka roƙi a fara da wani abu mai kauri a dunƙule. A nan ne nake ba ka shawarar ka yi sassauci, kuma ka shirya shi tun daga gida. Sahabi Ka'abu ɗan Malik ya taɓa bin Ibn Abi Hadrad bashi, suka ɗaga murya a masallaci har Annabi (SAW) ya ji daga ɗakinsa. Ya yaye labule ya yi wa Ka'abu nuni da ya yafe rabi, Ka'abu ya ce ya yafe, sai Annabi (SAW) ya ce wa ɗayan ya tashi ya biya. Ka ga abu biyu ne a haɗe, rangwame daga wannan, biya nan take daga wancan. Ban ce ka yafe rabi ba, kai ka san nauyin da ke kanka. Amma in ka ce a gaban manya, "na bar masa dubu 100 ko 200 saboda Inna da kuma marigayi mahaifinsa, da sharaɗin ya kawo dubu 400 kafin Sallah, sauran a bi mako-mako," ka faranta wa mahaifiyarka, ka toshe maganar inji, ka ba shi hanyar fita da mutuncinsa. Kuma da yake wa'adin bashin ya riga ya wuce, irin wannan ragi babu laifi a cikinsa.

In kuma ka duba zuciyarka ka ga za ka iya yafewa duka, wannan sadaka ce babba, ayar da ta ce a saurara wa mai ƙunci ita ce ta ce yafewar ta fi alheri. Sharaɗi ɗaya nake sa maka: ta zama yafewar da za ka iya cin tuwo da shi a kwano ɗaya bayanta. Wadda aka yi da baki don hawayen uwa, zuciya kuwa tana ƙirga kwanon gidansa duk lokacin da aka wuce, ba ta gyara komai, kuma daga yadda ka rubuto ban ga alamar ka kai nan ba. Babu laifi a kanka don ba ka kai ba. Kana da 'ya'ya biyar, su ma amana ne.

To in ya ƙi zuwa, ko ya sa hannu ya karya? Ka koma wurin Kawu sau ɗaya, ka sanar da Inna da bakinka kada ta ji a waje. Daga nan akwai mai unguwa, akwai Hukumar Shari'a ta jiha da 'yan Hisba da ke zaman sulhu a irin wannan. In duk ba su yi ba, kotun shari'ar Musulunci tana nan, kuma zuwa gaban alƙali neman haƙƙi ba yanke zumunci ba ne, sahabbai ma sun kai junansu. A can ƙa'idar ita ce mai da'awa ya kawo shaida, wanda ya musa ya yi rantsuwa, kuma a mazhabar Malikiyya ana karɓar shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa a maganar dukiya. Da takardar da kuka rubuta gaban Kawu, shari'ar ba za ta yi tsawo ba. Alƙali kan fara da neman sulhu, in ya ƙi ya yanke masa biya, yana kuma da ikon sa a sayar da kadara a biya mai haƙƙi. Kada dai ka bar abin ya yi ta jan shekaru, shaidu suna mutuwa, waya tana ɓata, kuma kotunan da ke bin dokar boko suna da iyakar shekarun da ake karɓar ƙarar bashi.

Ka roƙi maiɗakinka ta koma gaisawa da matansa. Ba su ci bashin kowa ba, amaryar ma wataƙila ba ta san da maganar ba. Kayan ɗaki kuma ka fara haɗawa da abin da ke hannunka, gwargwadon ƙarfinka, kada ka rataya ranar auren 'yarka a kan alƙawarin mutumin da ya saɓa maka kaka biyu. In kuɗin sun zo kafin biki a ƙara abin da ya samu, in ba su zo ba a kai mata daga baya.

Kafin Kawu ya aika masa, ina so kai ka riga zuwa. Ranar Juma'ar nan bayan an sauko, ka bi ta gidansa, ka yi sallama, ka yi masa murnar gini da ta aure in ba ka yi ba, ka ba shi goron bikin 'yarka da hannunka, domin shi ma 'yarsa ce. In za ka tashi ka ce ya taka maka, a waje ka gaya masa cikin natsuwa cewa ka roƙi Kawu ya zaunar da ku a kan cikon mota ranar kaza, kuma ba ka so ya ji daga bakin wani. In ya fara dariya ya ce "haba taubashi," kada ka taya shi, kada kuma ka yi fushi. Ka maimaita masa ranar da lokacin, ka yi masa sallama ka tafi.